Dankalin Bayan Gida

SHAFI NA 19

Da sunan Allah muke buɗewa. Masu ƙorafin na shanya Datti a bakin hanya, ku kwantar da hankalinku, ga motar nan ta iso.

*

Tun daga nesa Datti ya gane Landirofa ce, don babu motar da za ta iya da yashin hanyar Toranke in ba ita ba. Ya gyara zaman hularsa, ya goge tafin hannunsa a jikin riga.

Shekarar nan ta saba'in da uku ruwa ya ɗauke tun gero bai fitar da kai ba. Daga Gaya har Ajingi gonaki sun ƙone a tsaye. Wuri ɗaya kore ya rage a Toranke, 'yar gonar gwajin da Datti malamin gona ya dasa wa dankali. Da ƙyar yake riƙe da mutanen gari kada su tone ta su cinye. Abin da yake lallashinsu da shi kuwa, masu asusun tallafa wa binciken noma za su turo mutum daga Kano, in ya gani ya gamsu za a haƙa rijiya a gonar, a raini irin har ya tsallake rani, baɗi kowa ya samu abin dasawa.

To yau ga mutumin.

Dogo ne mai tabarau, ya sauko yana murmushi. Kafin ya buɗe baki wani ya diro daga bayan motar yana kakkaɓe babbar riga. Barau ne, mai tafireta a bakin kasuwar Gaya. Shi ya juya wa Datti takardar neman tallafin zuwa Turanci, shi ya sa ya liƙe wa motar wai zai nuna hanya.

"Malam Datti! Ga Dokta Hadi na kawo maka har gida. Na faɗa masa in ba don Turancina ba, ko kallon takardar ba za su yi ba."

Dokta Hadi ya kama hannun Datti da hannu biyu.

"Kai ne Datti? Bawan Allah ka tayar min da hankali. Shekara da shekaru ina fama da dankali a Jos, zafi kaɗan sai ya kwanta. Sai ga labari wai a Toranke, cikin wannan fari, yana nan kore shar. 'Yan kwamitinmu dariya suka yi. Ni na kafe na ce a bar ni in je in gano."

Jos? Wani abu ya ɗan soki zuciyar Datti. Amma bai samu zarafin tsayawa a kansa ba, don mai unguwa Maikuɗi ya iso da jama'a, ana ta barka da zuwa.

Abin da Datti ya lura da shi, da yawansu da fartanya a kafaɗa. Ba lokacin noma ba ne. Ya san abin da suke nufi.

Aka ɗunguma zuwa gona.

Datti ya janye ƙayar da ya toshe ƙofar shingen da ita. Ganye ya yaɗu ya rufe kunyoyin, ko ƙasa ba a gani. Dokta Hadi ya shiga, ya taka har ƙarshe, ya leƙa bayan shinge, ya dawo.

"Madalla, wannan ma ya yi kyau. To mu ƙarasa."

"Ina, ranka ya daɗe?"

"Gonar dankalin mana."

"Ai a cikinta kake tsaye."

Dokta Hadi ya dubi ƙafarsa. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Malam Datti, wannan ai dankalin Hausa ne."

"Shi ne, ranka ya daɗe."

"Ina na Turawan?"

"Na Turawa? A Toranke? Wallahi ni sau ɗaya ma na taɓa cinsa, a Kano, ranar da muka gama kwas."

Duk suka juya suka dubi Barau.

Barau ya ja baya taku ɗaya. "A'a, kada a dube ni. Datti, kai ka ce dankali. Dankali da Turanci foteto ne, haka aka koya mana, je ka tambayi kowane ticha a Gaya."

"Akwai kalma guda da ake sawa a gabansa," in ji Dokta Hadi, muryarsa a sanyaye. "Mai zaƙi. In babu ita, duk wanda ya karanta na Turawa zai ɗauka."

"To ai shi bai ce min mai zaƙi ba!"

"Barau, akwai dankalin da ba shi da zaƙi a kasuwar Gaya?" in ji Datti.

"Shi ya sa ban sa ba. Me za a sa? Kowa ya sani."

Wani a baya ya fashe da dariya, ya ga shi kaɗai yake yi, ya haɗiye.

Mai unguwa Maikuɗi ya matso. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa, shi da a da ake tsokanarsa da tumbi.

"Yallaɓai, mu ba mu san foteto ba. Fito mana fili. Akwai rijiya ko babu?"

Dokta Hadi ya yi ajiyar zuciya. "Baba, kuɗin da aka ware na binciken dankalin Turawa ne. Ni kaɗai ba ni da ikon juya shi. Ku yi haƙuri."

Ya kama hanyar fita.

Maikuɗi ya sauke fartanyarsa daga kafaɗa. Na bayansa ma suka sauke.

"To Malam Datti, ka ji da kunnenka. Mun yi maka kara, mun jira. Yaranmu da tafasa suke kwana, ita ma ta ƙare a daji. Matsa."

Datti ya tsaya a ƙofar shingen ya buɗe hannuwa.

"Mai unguwa, don girman Allah. 'Ya'yan ba su wuce yatsa ba. In kun tone yau, jibi babu shi, baɗi kuma babu iri. Duk ƙasar nan yaɗon dankali ya mutu, wannan kaɗai ya rage."

"Baɗi ta masu rai ce. Matsa, ɗan nan, kada in sa a ɗauke ka."

"Dakata."

Dokta Hadi ne. Bai kai ƙofa ba ya tsaya, ya tsuguna a gefen wata kunya, ya ɗaga ganyen. Ya tura hannu cikin ƙasa har wuyan hannu, ya zaro, ya murza. Ƙasar ta zube kamar gari.

"Malam Datti, kana ba shi ruwa?"

"Da wane ruwan, ranka ya daɗe? Rijiyar gari ma sai an bi layi."

"Yaushe rabonsa da ruwan sama?"

"Tun kafin azumi. Ga shi har mun yi sallah."

Dokta Hadi ya tsinki ganye ɗaya ya juya bayansa, ya ɗaga shi a rana. Ya bi yaɗon da yatsa har gindinsa. Fuskarsa ta fara canzawa.

"Daga Wudil zuwa nan na wuce gonakin dankalin Hausa, har na cikin fadama, duk sun zama karmami. Wannan a kan tudu yake, yana tsaye. Wane iri ne wannan? A ina ka samo shi?"

Datti ya sunkuyar da kai.

Gwaggo Indo ce ta ba shi, ƙanwar mahaifinsa. Ita ta riƙa yanko masa rassan tana naɗewa a jiƙaƙƙen tsumma. Amma sai da ta sa ya yi mata alkawari ba zai faɗa wa kowa ba. Ta ce in gari ya ji akwai koren ganye a gidanta, wannan ta zo roƙon na miya, waccan ta zo, ita kuma ba ta iya hana mai yunwa, kafin a ankara uwar dankalin ta mutu.

"Ina jin ka," in ji Dokta Hadi.

"Ranka ya daɗe, amana ce."

"Amana! To saurara. In na ga uwar da idona, na yanki reshe, zan iya komawa in tsaya gaban kwamiti in ce kuskure ya kai ni ga abin da ya fi wanda na tafi nema. Dankalin Turawa ko ya yi a nan, mutum nawa zai ciyar? Wannan kuwa kowa ya iya nomansa. Amma ba zan je musu da irin da ban san asalinsa ba. Sun yi min dariya sau ɗaya."

"In sun yarda fa?" in ji Maikuɗi.

"Zan dawo da mutanensu su ga gonar. In sun same ta yadda na same ta, rijiya ta tabbata."

"Yaushe?"

"Kafin watan nan ya mutu."

"Kafin ya mutu mu mun riga shi!" wani ya ɗaga murya daga baya.

Hayaniya ta tashi. Aka fara turo Datti. Ƙaya ta kama masa riga ta baya.

"Kai! Ku ba ni hanya, ƙattin banza, kun cika wuri kamar ana rabon zakka."

Jama'a suka dare. Gwaggo Indo ce, da sandarta, mayafi a ka, tana tafe tana ɗingishi. Ta zo ta tsaya kusa da Datti, ta dubi Dokta Hadi sama da ƙasa.

"Kai ne mai kuɗin?"

"Ɗan aikensu ne, Baba. Ina wuni?"

"Lafiya lau. Bar takura wa yaron nan. Daga gidana irin ya fito."

Maikuɗi ya riƙe baki. Shi da ita taubasai ne, tun suna yara ba sa raga wa juna.

"Indo! Ashe ke ce? Muna mutuwa kina ɓoye da ganye a gida, tsohuwar marowaciya?"

"Ka mutu kai? Kai da kake zagayowa da sassafe kana zura hannu ta shinge, kana kai wa Amarya tana yi maka kwaɗo? Ka ɗauka ba a ganinka?"

Aka yi dariya. Maikuɗi ya hau kame-kame. "Dubawa nake yi. Aikin mai unguwa ne."

"To ka duba da kyau. Tunda kun matsa sai kun ji, bari in faɗa muku inda na raine shi." Ta ɗaga murya yadda na ƙarshen baya zai ji. "A bayan gida na raine shi. Da ruwan da na gama wanke jikina da shi."

Aka hau kallon-kallo.

"A'uzubillahi!"

"Bayan gida?"

"Subhanallahi, Indo!"

Maikuɗi ya saki fartanya, ya juya gefe ya hau tofar da yawu, yana goge harshe da hannun riga.

Datti ya zaro ido. "Gwaggo, ai wurin nan ba..."

Sandarta ta sauka a kan babban yatsan ƙafarsa. Ta danna. Ya haɗiye sauran maganar tare da ihun.

"Ga gona nan," in ji ta. "Datti, matsa musu. Bismillah, ku tona. Maikuɗi, kai ka saba da ɗanɗanonsa, fara."

Babu wanda ya motsa.

Can wani magidanci ya ce a hankali, "Ai in an dafa, wuta tana kashe komai."

"To shiga mana," in ji na kusa da shi. "Gobe 'yan mata su sa ka a waƙa a dandali, har jikokinka a riƙa kiransu da sunan."

Mutumin ya mayar da fartanyarsa kafaɗa.

Ɗaya bayan ɗaya suka fara zamewa, ana salati, ana waiwayen Gwaggo Indo. Maikuɗi ne na ƙarshe. Ya nuna ta da yatsa.

"Allah ya isa tsakanina da ke, Indo. Har da man gyaɗa aka sa min."

"Ya yi daɗi ai?"

Ya wuce yana kaki.

Barau ma ya ja gefe ya toshe hanci, ko da yake babu abin da ke wari.

Dokta Hadi dai ko a jikinsa. "Baba, ko a ina yake ina so in gani."

"Taho. Ni tsohuwa ce, ba ni da kulle."

Ta shige gaba, Datti da Dokta Hadi suna bin ta. Suka ratsa zaure, suka wuce tsakar gida. Banɗakin yana hannun hagu, an kewaye shi da zana. Dokta Hadi ya nufi can.

"Ina za ka? Nan."

Ta bi da su ta dama, ta wani siririn lungu tsakanin ɗakinta da katanga. Wurin a share tas. Ga wani faffaɗan dutse, ga buta a kai, ga buzun sallah an rataye. Daga gindin dutsen yaɗon dankali ya taso, kauri kamar igiyar guga, ya hau katanga ya sauko.

Dokta Hadi ya dubi dutsen, ya dubi butar, ya dubi tsohuwar.

"Baba... wannan ne bayan gidan?"

"To gaban gida ne?"

Dariya ta kama shi har sai da ya dafa katanga.

"Ni ban yi ƙarya ba," in ji ta. "A nan nake alwala. Hannu da fuska da ƙafa ba jiki ba ne? Abin da kunnensu ya ji, su ya dama. Ku ma ai na ji kalma ɗaya ce ta kawo ku garin nan."

"Ruwan alwala kaɗai yake sha?"

"Shi ma da na fara tsimi, rabin buta nake yi. Ranar da babu in yi taimama, ni da shi mu haƙura. Tun ina amarya na zo da shi daga Kademi, uwata ta ba ni. Bai taɓa yi min fushi ba."

Dokta Hadi ya fito da 'yar wuƙa daga aljihu. Ya tsaya.

"Kin ba ni izini?"

"Yanki ta gefe. Kada ka taɓa min gindin."

Ya yanki rassa yana lallaɓawa kamar mai yi wa jariri aski. Ta ɗauko tsumma ta jiƙa da ragowar ruwan butar ta ba shi.

Datti dai har yanzu yatsansa na zugi, zuciyarsa kuma ba ta kwanta ba.

"Gwaggo, kin san abin da kika yi wa kanki? Gobe ba mai cin abincin hannunki. Ko gidan suna kika je, da ido za a bi ki."

"Dama abincin ne ya yi yawa a garin?"

"Irin fa? Baɗi wa zai dasa abin da aka ɓata wa suna?"

"Ranar da aka sa diga a wurin rijiyar nan, zan tara matan unguwa in kawo su lungun nan su gani da idonsu. Maikuɗi kuwa sai ya zo da goro ya ba ni haƙuri kafin in faɗa masa. Kafin nan ku bar ni da sunan, ɗaukarsa ba ta fi ƙarfina ba." Ta dubi Dokta Hadi. "Kai kuma ɗan nan, kada ka daɗe. Ƙyama ba ta riƙe mai yunwa har abada."

Dariyar ta bar fuskarsa. "Ba zan daɗe ba, Baba. Kai tsaye daga nan gidan shugaban kwamitin zan wuce, ko ruwa ba zan tsaya sha ba."

A bakin mota Barau ya matso yana murza hannu.

"Yallaɓai, in sabuwar takarda za a buga, tafiretata tana nan. Wannan karon zan sa mai zaƙi har sau biyu."

"Da bakina zan yi musu bayani, Malam Barau. Shiga mu tafi."

Dokta Hadi ya ɗora ƙunshin rassan a kan cinyarsa, ya leƙo ta taga ya kama hannun Datti.

"Ka ji sharaɗin. Mutanen nan ba sa yarda sai sun gani. Kore nake so su tarar, ganye ya rufe ƙasa yadda na tarar. In suka zo suka ga kunya tsirara, ni da kai duk mun zama maƙaryata."

"In Allah ya yarda ko akuya ba za ta shinshina ba."

Motar ta tashi.

Datti ya tsaya har ta ɓace a bayan kukoki. Rabonsa da jin ƙirjinsa sakayau haka tun kafin ruwa ya ɗauke. Ya juya ya nufi gona zai mayar da ƙayar ƙofa, yana tafe yana ɗingishi yana dariya shi kaɗai. A ransa har ya fara zaɓen inda rijiyar za ta zauna.

Da ya karyo kwanar shingen sai ya ci birki.

Shanu ne a ƙofar gonar. Ba su da yawa, kuma da ƙyar za a kira su shanu, haƙarƙari duk a waje, ƙaho ya yi wa wuya nauyi. Ta gaban ta miƙa wuya tana shinshinar iska, miyau na zuba.

A tsakaninsu da ƙofar wani mutum ne tsaye, ya gicciya sandarsa ya tare su da ita. Bubayero ne, Bafulatanin rugar gabas, amininsa tun suna yara, wanda uwarsa ta shayar da Datti lokacin da tasa uwar ta kwanta ciwo. A bara garkensa ya fi na kowa a ƙasar Ajingi.

"Datti."

"Bubayero. Lafiya?"

"Abin da ya rage min ke nan. Jiya ma na binne biyu." Ya gyara riƙon sandar. "Ban sake su ba, na ce sai ka zo. Na ji a gari an ce mutane sun bar gonar nan, wai ba mai ci."

Datti ya dubi shanun, ya dubi koren ganyen.

"Su ba sa ƙyama, ɗan'uwa," in ji Bubayero.

Saniyar gaban ta sa ƙirji ta tura sandar. Ƙafar Bubayero ta fara zamewa a cikin yashi.

"Ka ce wani abu, Datti. Ba zan iya riƙe su ba."